Daren Ƙuri'a a Cienfuegos

Wuta ta ɗauke tun la'asar.
Nereida ta cije tocila da haƙora,
hannuwanta biyu suna kan ƙirjin bakwaini,
ni kuwa ina kwance ƙarƙashin kwalbar jarirai
kamar makanike ƙarƙashin tsohuwar mota.

Abin da ya mutu bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Ɗan bawul ne, mai wuyan tagulla.
Sau uku na rubuta wa kamfanin.
Amsa ta zo da ladabi, a takarda mai kauri:
maƙwabcinku na ƙetaren ruwa ya saye mu,
lauyoyi sun ce kada mu san ku.
Banki ya ga sunan tsibirinmu,
ya saki kuɗin kamar wanda ya dafa garwashi.
Jirgin da ya kwana a gaɓarmu
sai ya yi watanni ana rufe masa ƙofa a can,
kamar ya kwaso ƙyanda.

A baranda Eusebio mai gadi ya kunna rediyo,
baturansa sun sha shanya a rana.
Yau ce ranar, in ji shi,
yau duniya ke taruwa a babban zauren nan
a tambaye ta ko ta yarda da takunkumi.

Muka ji ana lissafa ƙasashe.
Masu dusar ƙanƙara sun ce a ɗage.
Masu rairayi sun ce a ɗage.
Waɗanda ba sa ga-maciji da juna
yau bakinsu ya zo ɗaya.
Har wani ɗan tsibiri da ban san inda yake ba,
wanda teku ke ci kaɗan-kaɗan,
ya miƙe ya ce: ba a horon gari da yunwa.

Eusebio ya tafa shi kaɗai cikin duhu.
Bara ma ya tafa.
Ubansa ya tafa kafin shi, a kan wannan kujera.

Nereida ta zare tocila daga baki:
To, ƙuri'ar nawa ce ke zama iskar numfashi?
Ban amsa ba.
Ina fere bawul daga bututun tsohon firiji,
ina goga shi da zarton da kakana ya bari.

Ban ce masu mulkinmu waliyyai ba ne.
Ina da tawa maganar da su,
ta fi layin burodi tsawo,
kuma a bakina take, ba a bakin baƙo ba.
Amma an ce tsuntsun da ya ja ruwa
shi ruwa kan doka.
Nan tsuntsun yana cikin rufi a bushe,
'yan tsaki ne a waje.
Wannan yarinya kwananta tara a duniya,
ba ta ƙwace gonar kowa ba,
ba ta san kalar tuta ba,
ko suna uwarta ba ta yarda ta sa mata ba tukuna
don tsoron kada ta kira shi a maƙabarta.

Ƙarfe biyun dare janareta ya yi tari ya tashi.
Na ɗaura bawul, na naɗe shi da zaren roba.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa,
ta tsaya inda ake so.

Rediyo ya koma kiɗa.
Can wakilai suna naɗe takardu,
gobe jarida za ta buga adadin da manyan baƙaƙe.
Ba na raina hannun da ya tashi dominmu.
Wanda ke cikin rijiya,
ko leƙe aka yi aka kira sunansa, ya ji sanyi.
Sai dai igiya muke jira.

Nereida ta ce in wanke hannu in zo in gani.
Ƙirjin yana hawa, yana sauka,
bai fi tafin hannuna ba.
Bawul ɗina zai kai sati uku, in an yi sa'a.
Na rubuta ranar a bango da fensir,
ƙarƙashin sauran ranakun.